Katun na Ban Dariya da Ra'ayin Siyasar Samari a Ƙasar Kazaure da Babura

Iyaye da malaman makaranta suna yawan tambaya a wannan zamani, ko hotunan nan na zane masu motsi da ake kira katun, waɗanda yara da samari ke kallo suna ƙyaƙyata dariya, suna da hannu cikin ra'ayin da saurayi yake ɗauka game da mulki da masu mulki. Waɗansu suna ganin wasan yara ne kurum, ba abin da zai ƙulla balle ya kwance. Waɗansu kuwa suna ganin abin da aka haɗiya da dariya ya fi saurin zama a ciki. Wannan takarda za ta duba maganar, ta ɗauki misalinta daga arewa maso yammacin Jihar Jigawa, watau Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda ke cikin masarautar Kazaure, da kuma Babura ta masarautar Ringim, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Dukansu suna cikin Jihar Kano ne kafin a kafa Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991.

Abin da takardar za ta nuna shi ne, katun ba safai yake zaɓa wa saurayi jam'iyya ko ɗan takara ba. Inda yake aikinsa shi ne a harshe, watau cikin sunaye da laƙabobi da irin muryar da saurayi yake koya ya yi maganar shugabanni da ita.

Abin da ake nufi da katun

Katun zane ne da ake yi ɗaya bayan ɗaya, kowane ya bambanta kaɗan da na gabansa, sa'an nan a jera su a gudanar da sauri har ido ya ga kamar motsi suke yi. A fim na silima hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. A da aikin yana bukatar ɗaki cike da masu zane. Yanzu kuwa mutum ɗaya mai kwamfuta, ko ma waya, yana iya haɗa ɗan gajere cikin yini.

Iri uku ne suke isa ga samarin wannan yanki. Na farko shi ne na ƙasashen waje wanda ba ya bukatar fassara, kamar Tom and Jerry, labarin kyanwa da ɓera da William Hanna da Joseph Barbera suka fara a Amurka cikin 1940. Na biyu shi ne na waje da aka ɗora wa muryar Hausa, yadda ake yi wa finafinan Indiya a Kano. Na uku shi ne gajerun da ake haɗawa a gida, a sa wa mutanen zane bakin Hausa, a watsa ta WhatsApp da TikTok da YouTube. Wanda ba shi da kuɗin data yakan je wurin masu tura finafinai a kasuwa ko a tasha, a zuba masa cikin waya. Ba kuma kallon kaɗaici ake yi musu ba. Waya ɗaya takan zagaya majalisa guda, a teburin mai shayi ko a shagon cajin waya, kowa na kallo yana tofa albarkacin bakinsa. Wannan batu na kallon taro yana da muhimmanci, za a kuma komo gare shi.

Yi wa masu mulki dariya ba baƙon abu ba ne

Kafin a zargi katun da koya wa yara raina manya, ya kamata a tuna cewa Bahaushe ya daɗe da keɓe wa dariya fili a gaban sarauta. A wasan tashe, wanda ake farawa bayan goman farko na watan azumi, yara sukan kwaikwayi malami da boka da tsoho da maigida, su fito da aibin kowa a ƙofar gidansa, a kuma ba su sadaka. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, sarki na zaune yana kallo. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin karkara sukan naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai, su yi mulkin 'yan kwanaki. Ga 'yan kama masu juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya, ga wawan sarki mai faɗin abin da waziri ba ya iyawa.

Sama da duk waɗannan akwai Gizo. Yaron da ya tashi a Roni ko Gwiwa ya san ƙaramin da ke kayar da babba da wayo tun kafin ya ga ɓeran Amurka. A tatsuniya Gizo yakan yaudari zaki da giwa da kura, har da sarki. Saboda haka in yaro ya ga ɓera ya wahalar da kyanwa, ba sabon darasi aka ba shi ba, tsohon ne ya zo masa cikin sabuwar riga.

Amma fa dukan wasannin nan na gargajiya suna da ƙa'ida. Suna da lokaci, suna da wuri, an kuma san mai yi. Haka barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Katsinawa da Haɗejawa: wanda aka tsokana yau yana da damar ramawa gobe, ba a kuma ƙullata. Katun na waya ba shi da watan azumi, ba shi da kaka, sau da yawa ba a san wanda ya yi shi ba, wanda aka zana kuma ba shi da bakin ramawa. Nan ne bambancin yake.

Masu mulki sun gaskata da ƙarfinsa

In aka bi tarihi za a ga hukumomi ba su taɓa ɗaukar zane mai motsi abin wasa ba. Cikin 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Baitulmalin Amurka ya sa kamfanin Walt Disney ya yi katun inda agwagwar nan Donald Duck take biyan harajinta da murna, don jama'a su yi koyi. Cikin 1954 aka fitar da katun na littafin George Orwell, Animal Farm, a Ingila, daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ta ba da kuɗin a ɓoye domin yaƙi da kwaminisanci. Har ƙarshen labarin aka sauya, aka sa dabbobi suka yi wa aladu tawaye. Littafin ne Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi cikin 1975. Cikin 1992 kuma Shugaba George Bush babba ya ambaci katun ɗin The Simpsons a jawabinsa, yana nuna ba irin wannan iyali yake so Amurkawa su zama ba.

A kusa da gida akwai Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa cikin 1942, ya rasu cikin 2015, ya kuma yi zamansa mai tsawo a Tawa. Yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka ta Yamma. Cikin 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki maƙwabta, aka tarye shi da faretin soja da jawabai da dukan shagalin da sababbin gwamnatocin Afirka suka gada daga Turawa. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya bar wa kwaɗi su yi abin da shugabanni ke yi, mai kallo ya gane da kansa. Wannan shi ne habaici tsantsa, irin wanda Bahaushe ke cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A Nijeriya ta Arewa kuwa hukuma ce ta fara riƙe allon. Tun zamanin Turawa har zuwa mulkin Sardaunan Sakkwato, motocin majigi suna bin garuruwa da ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko gidan hakimi, a nuna finafinan tsabta da noma irin su Baban Larai, a haɗa da labarin ayyukan gwamnati. Duk da haka jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, ba ta rasa magoya baya a Lardin Kano ba, kuma cikin 1979 magajiyarta PRP ta ci kujerar gwamnan Jihar Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, lokacin Kazaure da Babura suna cikinta. Mutane sun kalli majigin gwamnati shekara da shekaru, suka yi dariyarsu, da ranar zaɓe ta zo da yawansu suka bi inda zuciyarsu take.

Tsoron dariya bai gushe ba. Cikin 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta harkar finafinai a Kano ta ɗaure ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro. Cikin Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, bisa laifin ɓata sunan Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Sai dai jin tsoron abu ba shi ne shaidar ƙarfinsa ba. Domin a san ƙarfin sai an koma ga masu bincike.

Abin da bincike ya nuna

Yawancin binciken da ya yi suna a wannan fanni a Amurka aka yi shi, a kan barkwancin talabijin na mutane, amma darasinsa ya shafi katun, gama hanyar dariyar ɗaya ce.

Tun a zaɓen 1940 Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka bi masu zaɓe a wata gunduma ta Jihar Ohio wata da watanni. Suka tarar jarida da rediyo sun fi ƙarfafa wa mutum abin da ya riga ya yarda da shi, kaɗan ne suka sauya sheƙa, kuma maganar dangi da abokai da mutumin da ake ganin girmansa ta fi ta rediyo shiga. Cikin 1974 Neil Vidmar da Milton Rokeach suka duba masu kallon wani wasan barkwanci, All in the Family, wanda aka shirya don a yi wa wani dattijo mai ƙyamar baƙi dariya. Sai ga shi masu irin halinsa sun fi ganinsa a matsayin mai faɗin gaskiya. Cikin 2009 Heather LaMarre da abokanta a Jami'ar Jihar Ohio suka sami irin wannan game da Stephen Colbert, mai kwaikwayon 'yan mazan jiya don ya yi musu ba'a: da yawa daga cikin 'yan mazan jiyan sun ɗauka da gaske yake, wasan lulluɓi ne kawai. Watau kowa ya yi dariya, amma kowa da wanda yake yi wa.

Akwai wani binciken da ya nuna wani gefe. Cikin 2006 Jody Baumgartner da Jonathan Morris suka nuna wa ɗalibai barkwancin shirin The Daily Show a kan George Bush ƙarami da John Kerry, 'yan takarar 2004. Waɗanda suka kalla sun rage ganin ƙimar mutanen biyu gaba ɗaya, sun kuma ƙara shakkar tsarin zaɓen kansa, ko da yake sun ƙara jin cewa sun fahimci siyasa. Barkwancin bai tura su ga wani ɗan takara ba. Abin da ya taɓa shi ne yardarsu da harkar dungum.

Misali daga Kazaure

Yankin nan ba baƙo ba ne ga mulki. Ya ba Jigawa gwamnoni biyu, Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure daga 1999 zuwa 2007, da Muhammadu Badaru Abubakar na Babura daga 2015 zuwa 2023, shekara 16 ke nan. Ba baƙo ba ne kuma ga kwamfuta, tun da a Kazaure aka kafa makarantar koyon fasahar sadarwa ta jihar a zamanin Turaki, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Saurayin wannan ƙasa yana ganin ɗan siyasa a waya, yana kuma ganinsa ido da ido a wurin ɗaurin aure da jana'iza da sallar Idi. Ya san wanda ya kawo rijiyar burtsatse unguwarsu, ya san wanda ya yi alkawarin taki bai cika ba, ya san wanda ya samar wa wansa aiki. Da wuya zanen minti biyu ya rinjayi wannan sani.

Misali mafi kusa shi ne na Muhammad Gudaji Kazaure, wanda ya wakilci Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi a Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2023. Ba zana shi aka yi ba, amma an yi wa jawabansa abin da ake yi wa katun: a yanko 'yar guntuwa, a raba ta da abin da ya gabace ta, a watsa don dariya. Wadda ta fi yawo ita ce ta Maris 2018, inda ya nuna cewa in aka ba mata dama da yawa wata rana za su karɓe majalisar daga hannun maza. Ƙasa duka ta yi dariya, har da waɗanda ba su san inda Kazaure take ba. Bayan shekara guda, a zaɓen 2019, mazaɓarsa ta sake tura shi. Mai nazarin harshe zai lura cewa wani kaso na dariyar da aka yi a nesa ta Turancinsa ce mai karin Hausa. To, wannan karin shi ne na masu zaɓensa, ba kuwa abin kunya ba ne a kunnensu. Guntun hoto ɗaya ne, amma abin da aka ji a Legas daban, abin da aka ji a Gwiwa daban, daidai da abin da Vidmar da Rokeach suka gani.

A nan ne batun kallon taro ya komo. Saurayi ba ya gama kallo ya yi shiru. Akwai wani a majalisar da ya fi shi shekaru ko baki, wanda zai ce ai wane ake nufi, ko ya ce ai 'yan adawa ne suka biya aka yi. Fassarar da majalisa ta ba katun ita ce ke bin saurayi gida, majalisa kuwa tana da ɓangarenta tun kafin a kunna waya.

Inda tasirin yake

Wannan ba ya nufin katun ya wuce kamar ruwa a bayan agwagwa. Yana barin abu uku, dukansu a harshe.

Na farko shi ne laƙabi. Katun yana ɗaukar siffa ɗaya ta mutum, tumbi ko hula ko wata kalma da ya cika maimaitawa, ya kumbura ta har ta rufe sauran. Daga nan sai ta zama suna. Hausa kuwa harshe ne mai son laƙabi, tun daga kirari har zuwa zambon mawaƙan fada da na jam'iyyu. In suna ya kama mutum, sai a riƙa jin kowace maganarsa ta cikin sunan, ko da maganar mai ma'ana ce. Laƙabi ba ya hujja, shi ya sa ba a iya ƙaryata shi.

Na biyu shi ne rabon murya. Katun na waje ba ya zuwa da karin harshe na Hausa, mai ɗora murya ne ke rabawa. Shi zai zaɓi wanda zai yi Kananci, da wanda zai yi Sakkwatanci, da wanda za a ba bakin ƙauye, ko Hausar Bafulatani, ko ta Bagwari. In kullum wawan labari shi ne mai bakin ƙauye, mai wayo kuma shi ne ɗan birni, to, an koya wa yaro waye ya cancanci a saurara masa ba tare da an ambaci siyasa ba. Tatsuniya ma ta san wannan dabara, shi ya sa ta ba Gizo tsamin baki. A ƙasa irin ta Kazaure, inda Hausawa da Fulani ke zaune tare tun kafin Ɗantunku ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, kuma mafi yawan jama'a manoma ne da makiyaya, wannan rabo ba ƙaramin abu ba ne. Yaron Roni yana iya tashi yana yi wa bakin kakarsa dariya.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne yanayin da ake maganar mulki da shi. In duk shugaban da saurayi ya gani a zane ɓarawo ne ko wawa, ba a taɓa nuna yadda ake kasafta kuɗin ƙaramar hukuma ko abin da kansila ke iya yi da wanda ba ya iyawa ba, sai ya kammala cewa duk kanwar ja ce. Wannan ra'ayi ne na siyasa, ko da yake ba na wata jam'iyya ba ne, kuma yana da sakamako. A zaɓen 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista a Nijeriya, kusan kashi 40 cikin 100 'yan shekara 18 zuwa 34, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Dalilan wannan suna da yawa, ba za a ɗora wa katun ba. Sai dai dariyar da ke cewa kowa ɗaya ne tana tafiya hanya guda da zaman gida ranar zaɓe. Ga shi kuwa tun ran 31 ga Mayu, 2018, doka ta rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. An buɗe wa saurayi ƙofa, in ya riga ya yanke cewa ɗakin na ɓarayi ne, ba zai shiga ba, wani zai shiga a madadinsa.

Kammalawa

Hani da bulala ba su ne magani ba. Al'ummar da ta raini tashe da gauta ba ta da dalilin tsoron kwaɗon Moustapha Alassane, kuma shugaban da ba a iya yi masa dariya ya fi hatsari bisa ga wanda ake yi wa. Abin da ya rage shi ne aikin malamin Hausa. A makarantun Kazaure da Babura ana koyar da habaici da zambo da barkwanci cikin darasin adabin baka. Ba abin da zai hana malami ya kawo katun na minti biyu cikin aji, ya sa ɗalibai su amsa tambayoyin da ake yi wa waƙar fada: wa ya yi, wa ya biya, wa ake nufi, wace siffa aka kumbura, wace aka ɓoye, wane ne aka ba bakin ƙauye, kuma ko wanda aka zana yana da hanyar ramawa. Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi zai ci gaba da dariyarsa, amma zai san lokacin da ake nishaɗantar da shi da lokacin da ake yi masa kamfe.

Ga ɗaliban jami'a kuma akwai aiki a buɗe. Laƙabobin siyasa da ke yawo a majalisun samari daga Kazaure zuwa Babura, da asalin kowanne, da irin karin harshen da masu ɗora murya ke raba wa mutanen zane, abubuwa ne da ake iya tattarawa a rubuce yanzu, tun masu faɗinsu suna tuna inda suka samo su.